Amaryar Sukari

An ɗaura auren Tasi'u ɗan Isufu da Rakiyatu 'yar Malam Mahamman wata Juma'a cikin watan Nuwamba na 1964, a unguwar Sersouf da ke Tamanrasset. Mutum sama da sittin ne suka halarta. Uban amarya ba ya cikinsu. Ya ba da 'yarsa ta bakin wakili, ya bar garin kwana tara kafin ranar, kuma Tasi'u ya san shi ne sanadi.

Tasi'u mutumin Damagaram ne, kuku a gidan wani kapiten na soja, ɗaya daga cikin Faransawan da suka rage a yankin bayan Aljeriya ta sami 'yanci. Matar kapiten, wadda kowa ke ce wa Madam, ita ta koya masa gato, abin da mutanen Najeriya ke kira kek. Furannin sukari da ake ɗorawa a kai kuwa daga Faransa ake aiko mata su cikin kwali, rabinsu a farfashe suke isowa. Da ta gaji, sai ta buɗe wani littafi mai hotuna ta karanta masa yadda ake yin su: sukari mai laushi, farin ƙwai, da wani irin danƙo da babu shi a kasuwar garin. Tasi'u ya ce zai gwada da ƙaro.

Neman ƙaro mai tsabta ne ya kai shi gidan Malam Mahamman a watan Fabrairun 1963. Malam mutumin Agadas ne, shekararsa goma sha ɗaya yana karantar da 'ya'yan Hausawa a ƙofar gidansa, kuma da ƙaro yake haɗa tawada. 'Yarsa Rakiyatu ce ke tsince masa shi, baƙi-baƙin na tawada, fari tas ɗin a sayar. Bazawara ce, shekarunta ashirin da biyu, mijinta ya rasu a hanyar Agadas. Tana da tsage uku-uku a gefen baki, irin na dangin uwarta.

Ta auna masa a zaure, uwarta Inna Barira na zaune a gefe tana kaɗi. Ta tambaye shi wane malami ne ya aiko shi. Ya ce ba tawada zai yi ba, fure zai yi wa uwargijiyarsa, na ci.

“Furen da ake ci,” ta maimaita. “Uwargijiyar taka akuya ce?”

Inna Barira ta tsawata mata, amma ita ma dariya take yi.

Bayan kwana huɗu ya koma da fure guda cikin gwangwanin shayi. Rakiyatu ta juya shi a tafin hannu, ta ce ganyensa sun yi kauri kamar kunnen jaki, kuma tana jin tsakuwar sukari tun kafin ta sa a baki. Ta tambaye shi da me ya tankaɗe. Ya ce da rariyar Madam. Ta ce wannan ta gari ce. Ta shiga ciki ta ɗauko sabon kallabi mai laushi, ta ce ya daka dunƙulen sukarin shayi a turmi har sai ya koma kamar kwalli, ya tace da wannan, ƙaron kuma ya bar shi ya kwana a ruwa kafin ya haɗa.

Tun daga nan duk Litinin da Alhamis bayan la'asar yana zauren. Shi ya koya mata murza ganye da bayan cokali har sai an hango haske ta cikinsa. Ita ta samo launi: ruwan zoɓo da ɗigon lemun tsami don ja, gangamau don rawaya, na'a-na'a da aka daka don kore. Ita ce kuma ta ce a riƙa shanya kowane ganye cikin ɓawon ƙwai don ya lanƙwashe yadda na gaske yake. Iskar Tamanrasset busasshiya ce, kwana biyu fure ya tsaya ƙam. Madam ta daina aikawa Faransa.

Yana ce mata Malama, don ta iya ajami fiye da shi. Tana ce masa Kuku, ko da ya roƙi a kira shi da sunansa. Abin da ba sa iya faɗa a gaban Inna suna rubuta shi a takarda, ta saka a cikin ƙullin ƙaro, shi kuma a ƙarƙashin furanni. Ta farko da ya samu daga gare ta ga abin da ta ƙunsa:

“Kuku, furen jiya ya yi. Ban ci ba, na ɓoye. Idan da magana a bakinka, gidan nan yana da mai shi. Ka daina sayen ƙaron da ba ka bukata.”

Ya tura Alhaji Mati, dattijon 'yan kasuwar Maraɗi, wurin Malam. Malam bai ce a'a ba. Ya ce abin da ke damunsa shi ne gidan da yaron ke aiki, inda ake shan giya ana cin abin da ba a ci. Alhaji Mati ya ba da shaida cewa Tasi'u ba ya taɓa ko ɗaya. Malam ya ce a dakata shekara guda a gani. Ya kuma faɗa a fili cewa akwai wani mai nema, Idrisa, wanda ke da kanti kusa da kasuwa yana kai wa Faransawa ƙwai da sukari. A shari'a Rakiyatu na da ta cewa a kan kanta, amma ta gaya wa Tasi'u ba za ta shiga ɗakin kowa ba sai da yardar Babanta.

Saura wata biyu shekarar ta cika, a Yunin 1964, ƙanwar Madam ta zo daga Faransa za ta auri wani hafsan soja. Madam ta ce tana son gato mai hawa uku, a samansa ango da amarya a tsaye, da sukari. Tasi'u ya san abin da malamai ke faɗa kan ƙera surar mai rai. Ya gaya wa kansa abin ci ne, ba na ajiya ba. Bai faɗa wa Rakiyatu ba, ya dai ce mata aiki ya yi yawa a makon.

Angon bai ba shi wahala ba, hula da gashin baki suka gama masa aiki. Amaryar ce ta ƙi. Shekara biyar yana gidan bai taɓa tsayawa ya ƙare wa fuskar Baturiya kallo ba. Ya yi kai tara, duk suka fito kamar dunƙulen fura. A na goma ya daina tunani, ya bar hannunsa ya yi. Ya tsoma allura a baƙin kofi ya ja ido da gira, hannun ya ci gaba. Sai da ya ajiye allurar ya ga tsage uku a kowane gefen baki.

Ranar Alhamis ce da yamma, bikin kuma Asabar. Sabon kai yana bukatar kwana biyu ya bushe kafin a iya ɗora shi a wuya. Ya gwada gogewa, kofin ya riga ya shiga sukarin. Sai ya murza wani siririn mayafi na sukari ya rufe fuskar da shi, ya ce wa kansa ba wanda zai buɗe.

Abokan ango ne suka ɓalle mayafin a wurin biki, suna dariya. Turawan sun yaba, suka ce kuku ya yi musu amarya 'yar ƙasa. Amma masu rabon abinci da masu wanke-wanke a ranar duk mutanen Nijar ne, kuma babu wanda bai taɓa wucewa ta ƙofar Malam Mahamman ba. Da aka watse, Idrisa ya karɓi kan amaryar daga hannun wani mai wanke-wanke, ya ƙulle a hankici.

Bai kai wa Malam ba sai ranar Talata. Kafin nan kan ya zaga majalisun shayi uku da layin masu yadi. Maganar da ta bi shi ita ce wai 'yar Malam ta je gidan kapiten ta zauna an kwaikwayi fuskarta, aka tsayar da ita kusa da sojan Nasara. Kafin ƙarshen wata iyaye goma sha huɗu sun janye 'ya'yansu daga makarantar. An rufe wa Tasi'u zaure. Takardar Rakiyatu da Inna Barira ta miƙa masa a bakin kasuwa, ba tare da ta dube shi ba, gajera ce:

“Tasi'u, na ga abin. Ya yi kama da ni ƙwarai. Ni ban taɓa taka gidan nan ba, kai ka sani. Na ɗauka abin da muke yi a zaure namu ne. Me ya sa ka kai ni a yi dariya?”

Wannan ne karo na farko da ta rubuta sunansa. Ya amsa a ranar:

“Malama, ban kai ki ba, hannuna ne bai san wata fuska ba. Na gani tun Alhamis. Ya kamata in fasa shi in karɓi faɗan Madam, na ji tsoron rasa aikina. Laifin ke nan, kuma nawa ne ni kaɗai.”

A makon ne matan hafsoshi biyu suka nemi ya yi musu surar 'ya'yansu don bikin haihuwa. Ya gaya wa Madam daga yau fure da ganye kawai zai yi. Ta lallashe shi, ta yi fushi, a ƙarshe ta ce ba ta riƙe kukun da ke zaɓar aiki. Ya kwashe cokulansa da turminsa ya koma wani ɗaki a bayan kantin Alhaji Mati.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, ya rantse cewa Rakiyatu ba ta san da aikin ba. Wasu suka yarda. Yara huɗu suka koma makaranta, goma ba su koma ba.

Sai a Satumba Malam ya yarda ya gan shi, Alhaji Mati na zaune. Tasi'u ya durƙusa a bakin tabarma.

“Allah gafarta Malam, na zo neman afuwa.”

Malam ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce ya tambayi Rakiyatu game da Idrisa, ta ce mutumin da ya yi kwana uku yana yawo da fuskarta a aljihu kafin ya san hanyar gidan ubanta ba mijinta ba ne. Ya ce ta yi gaskiya. Ya tambaye ta game da Tasi'u, ta yi shiru, kuma ya san shirun 'yarsa.

“Na ba ka,” in ji Malam. “Ba za ka ƙara ƙera abin da ke da ido ba. Afuwa kuwa, bar ni tukuna. Da wannan ƙaron nake rubuta Alƙur'ani, kuma daga hannunta ka saya.”

Bai gaya musu a ranar ba cewa ya riga ya amsa kiran mutanen Mertoutek, wani ƙauyen lambuna can cikin duwatsun Hoggar, da suka daɗe suna neman malami. Ya ce wa Alhaji Mati daga baya ba zai iya zama a ƙofar da ake wucewa ana kau da kai ba. Shekararsa sittin da uku. Ya tafi a bayan wata babbar mota da alluna da buhun littattafai.

Gaton bikinsu kuwa, Rakiyatu ce ta ce a yi shi, ƙanana guda tamanin, kowanne da fure ɗaya ja a kansa. Su biyu suka yi furannin cikin kwana shida, a zauren da ya zama wayam. Matan Larabawan unguwa da suka zo suka tambayi wanda ya yi, kuma daga nan aikin ma'auratan ya samo asali.

Da aka kai amarya, Inna Barira ta haɗa hannuwansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa abin da ya wuce ya zama ƙarshen baƙin cikinsu. Mata suka ce amin. Bayan sun fita, Tasi'u ya ce da Rakiyatu ya raba ta da Babanta, bai san da me zai biya ba.

“Ba abin biya ba ne, Kuku,” ta ce. “Ni na zaɓe ka ina sane. Sai dai mu yi ta rubuta masa.”

Inna Barira ta bi mijinta bayan kwana bakwai, da wasiƙarsu ta farko. Ta biyu direban motar da ke kai kaya can suka ba, a watan Janairu. Ya dawo ya ce ya miƙa hannu da hannu, Malam ya karɓa ya sa a aljihu, ya tambaye shi ko Rakiyatu na lafiya. Tasi'u ya tambayi direban ko Malam ya ambaci wani bayan ita. Ya ce a'a. Har damina ta faɗi a duwatsun Hoggar amsa ba ta zo ba.