Taƙin Da Ƙarfe Bai Kai Ba

Ranar da Hafizu ya fara ganin Tahira, yana durƙushe ne a garkar Alhaji Maman Lawali, wani lambun ban ruwa da ke Jiratawa, yana yankan rodi. Shi maginin rijiya ne, sana'ar da ya gada wajen marigayi ubansa. Ita kuwa ɗiyar Alhajin ce, tana koyar da lissafi a wani kolej na garin Tsibiri. Zogale ta zo ɗiba wajen yayanta Sha'ibu, mai kula da garkar.

Ta tsaya a kansa da kwando. Ya ɗago kai, ya manta da zarton da ke hannunsa.

"Sannu da aiki," ta ce. "Ƙaƙa kake gane tsawon ƙarfen da zai zagaye zoben siminti?"

"Madam, ai ba wuya. Ka auna faɗi, ka ninka uku. Wagga faɗinta metir biyu, sai in yanka shida."

"Shida da santi ashirin da takwas. Ba uku ake ninkawa ba, uku da ɗigo sha huɗu ne, 3,14. Ɗiyan ajina ma sun sani."

Ya yi dariya. "Wanga ɗan guntu na kan allo ne. Inda bakin ƙarfe bai haɗu ba sai mu ɗaure da waya, siminti ya rufe. Haka Babana ya yi har ya koma ga Allah."

Ta dubi ƙarfen da ya lanƙwasa. Tsakanin bakunansa biyu akwai tazarar da ta fi taƙi. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya yi mata murmushi, ita ma ta mayar. Gardamar ta mutu nan, lambar waya ta maye gurbinta.

Kafin rijiyar ta ƙare, soyayya ta yi nisa. Shi yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Sarkin Gardama. Yana rubuta mata: "Malamata, yau na kai ruwa, fuskarki na gani ciki." Ta amsa: "Fito maza, kar ka jiƙa mini ita." Har manyansa sun sa ranar zuwa gaisuwa gidan Alhaji a unguwar Zariya ta Maraɗi.

Sai damina ta sauka da ƙarfi. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi. Injin ban ruwa ya toshe, Sha'ibu ya shiga rijiyar don ya gyara bututu. Zobe ɗaya ya tsage, daidai wurin da waya ke riƙe, ya rufto masa. An fito da shi da rai, amma a asibitin Maraɗi aka yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa.

Alhaji ya je da kansa ya ga ɓaraguzan. Ya dawo ya kira ɗiyarsa.

"Ke kika yi karatu. Ƙarfen nan haka ya kamata shi tsaya?"

Tana kuka ta ce, "A'a, Baba. Bai kai ba."

"To wanda ya gurgunta mini ɗa ba ya shiga gidana neman aure. Abdulrazak na nan, ɗan abokina mai tankokin mai. Ban tilasta miki, amma wancan kam ki cire shi."

Abdulrazak bai ɓata lokaci ba. Kullum la'asar motarsa na ƙofar gidan. Shi ne ma ya tare Hafizu a kasuwa ya ce, "Ai ita ta tona maka asiri da bakinta. Ka koma raminka."

Hafizu ya daina fita. Ya rame. Ya aika mata: "In kin tsane ni, ban ga laifinki ba." Shiru. Shi ya ɗauka ƙiyayya ce. Ita kuwa tana gefen gadon yayanta, tana jin nishinsa in ana wanke dungulmin, ta rasa kalmar da za ta rubuta wa wanda take so.

Da ta rubuta, ga abin da ya gani: "Rijiya faɗinta metir 3. Kewayenta nawa?"

Ya zauna a ƙasa da tsinke yana zane. Ya aika: "9,42."

"Daidai. Rijiyoyi nawa ka yi da ninkin uku?"

Washegari ya ɗauki igiya da guduma, ya bi garake yana sallama. Duk rijiyar da hannunsa ko na ubansa ya taɓa, sai ya shiga ya ƙwanƙwasa zobbanta, ya nemo wurin waya, ya ɗaura sabon ƙarfe. Wasu suka zage shi, wasu suka ce ya tona asirin mamaci. Aiki ya yanke masa, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi rodi.

Saƙonninta ba su daina ba, kuma babu kalmar so ko ɗaya ciki.

"Murfin rijiyar nan fa? Daga tsakiya zuwa baki metir 1,5. Filinsa nawa?"

"9,42."

"Wannan kewaye ne, Sarkin Gardama. Fili kake nema: 1,5 sau 1,5, sannan sau 3,14."

"7,065. Malamata, kin kira ni da sunana."

"Hannuna ne ya kuɓuce."

Rijiyar Alhaji ce ta ƙarshe. Bai nemi izini ba. Yana cikin lanƙwasa ƙarfe ya ji ƙarar sandar guragu bayansa. Sha'ibu ne, ya rame, wandonsa a naɗe da fil.

Hafizu ya zube ƙasa. "Yaya, ni na yi maka haka. In ka tsine mini, na ɗauka."

Sha'ibu ya jawo ƙarfen, ya duba. Bakunan biyu sun haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya, an ɗaure tam.

"Na so in tsine maka," ya ce. "Kullum in na farka na nemi ƙafata, sai na so. Tashi, kar simintinka ya bushe."

Sha'ibu da kansa ya je wurin Alhaji. "Baba, ƙafata ba ta dawowa, ko Tahira ta auri mai tanki ɗari. Amma mutanen Jiratawa da yawa za su shiga rijiya su fito da tasu saboda yaron nan. Ni na yafe. Kar a ƙara mini da kukan ƙanwata."

Alhaji ya juya fuska ga bango, sannan ya ce, "Ka ce manyansa su zo."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Alhaji ya wakilta Sha'ibu ya ba da ƙanwarsa, yana zaune kan kujera, sandunansa a jingine. Da aka shafa fatiha, har masu taurin zuciya sun share ido.

Da aka kai amarya, Hafizu ya sa mata awarwaron azurfa. Ta juya shi a hannu, ta ga bakunansa sun hau kan juna.

"Wa ya auna?" ta tambaya.

"Ɗalibinki."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya saka wa Sha'ibu da abin da ya fi ƙafa.