Ƙarar da Mutum Ba Ya Ji

Da la'asar sakaliya Safara'u tana yanka albasa a tsakar gida, mijinta Lauwali yana zaure, inda ya mayar shagon gyaran lasifika, yana haɗa wayoyi. Ƙungiyar manoman rani ta Goronyo ta kawo masa lasifika arba'in da za a rataya a ƙauyuka don shelar ranar sakin ruwan dam, aka ce ya ware masu lafiya. Da kunne ya saba gwaji. Wannan karon ya sayo ɗan akwatin da ake kira katin sauti, ya jona shi da kwamfuta, ya kafa makirufo, ya kwana biyu yana saita manhaja. Yanzu na'urar ke aikin da kanta: ta saki ƙara daga gurnani har siririn fito, ta saurara, ta zana layi, ta koma kan lasifika ta gaba.

"Can ƙarshe ba ki jin komi, amma tana nan tana yi," in ji shi. "Kunnen mutum ba shi kaiwa nan."

"To mi amfanin ƙarar da ba a ji?"

"Ke ma kina yi min irinta in kin yi fushi."

Ta jefe shi da ɓawon albasa. Ya bar na'urar tana aiki, ya tafi sallar magariba.

Kaji sun hau makwanci, gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo ya fasa randa. Na biyu ya tsaga goshin akuya. Jifan yana fitowa ne daga tsohon rumbun da ke jingine da bangon zaure, wanda ba a zuba wa hatsi ba tun zamanin kakan Lauwali. Ɗiyarsu Zinariya, mai shekara goma sha huɗu, ta saki kwanon da take wankewa, ta toshe kunnuwa, ta fara buga kanta da turmi. Safara'u ta rungume ta, yarinyar ta yi jifa da ita kamar tsumma. Da Lauwali ya shigo ta shaƙe shi da hannu ɗaya, ta maka shi da bango har ƙasa ta zubo.

Kwana uku ana haka. Jini yana tsattsafowa daga kunnuwan Zinariya, ana kiran sunanta ba ta waiwaye. Ran na huɗu Safara'u ta sa aka ɗauko Malam Mainasara daga Wurno, tsohon da ya san karatun fitar da aljanu.

Maza huɗu suka danne yarinyar. Malam ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai bakinta ya buɗe, muryar wata mata ta fito, mai kauri, a dishe.

"Ruwan dam ya ci gidanmu, munka yi haƙuri, munka tare cikin rumbun ga. Ko cokali ba mu taɓa muku ba. Jaririna kwanansa tara. Akwatin wancan mutum ya huda mishi kunne. Ina kiran shi, ba shi juyowa."

"Bai sani ba," in ji Malam. "Abin da kuke ji, mu ba mu jin shi. Mi kika so?"

"Kunnuwan wagga, duka biyu."

"Ba ki da haƙƙi a kanta. Za a tashi shagon daga jikin rumbu. Za a tsai da ƙarar inda kunnen mutum ke tsayawa. Ki rantse ki fita, ko in ci gaba da karatu ki ƙone."

"Na yarda da wannan. Nawa ɗan fa, wa zai biya kunnensa?"

Safara'u ta ga mijinta ya matso, ta gane abin da zai yi, ta kama gefen rigarsa. Ya zare hannunta a hankali.

"Ɗiyata ba ta jona waya ba. Ni na jona."

"Lauwali, yi shiru," in ji Malam, amma magana ta riga ta fita.

Yarinyar ta watsar da mazan huɗu. Mari ɗaya ta yi masa a hagu, da ƙara kamar faskara itace. Ya faɗi, jini ya gangaro har wuyan rigarsa. Zinariya ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa.

"Zinariya," Safara'u ta ce, can ƙasan maƙoshi.

"Na'am, Inna."

Washegari Lauwali ya kwashe kayansa zuwa wani shago a bakin kasuwa, ya rage saitin da hannunsa, ya gama lasifika arba'in ɗin. Jifa bai sake faɗowa ba. Kunnen hagu kuwa bai dawo ba.

Tun daga nan Safara'u ta dama take zama in za ta ba shi labari. Amma wani lokaci, in ya duƙufa kan wayoyinsa, takan zagaya ta hagu, ta faɗa wa mataccen kunnen abin da kunya ba ta taɓa barin ta faɗa wa mai ran ba.