Sunan da Gwaggo Tabawa Ta Kasa Kira

Ku matso kusa. Ke Barira, ajiye gyaɗar nan, ba na son ana ɓarza min a kunne. Kun san Gwaggo Tabawa mai kitso, wadda kuke yi wa dariya don tana wuni tana kiran Zubairu? To yau za ku ji dalili. In kun ji, ku sake dariyar in gani.

Zubairu ɗanta ne na fari. Kun dai san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da shida, sai dai "wancan", sai "yaron nan". Ranar da zai tafi Libiya ma ba ta raka shi ƙofa ba. Ta yagi bakin zaninta, ta ƙulle dakuwa a ciki, ta ba ƙanwarta ta miƙa masa. Ita tana ɗaki, ta juya baya tana kuka.

Ya yi aikin gini a wani tsohon birni a bakin Bahar Rum. Daga nan aka ce ya shiga kwalekwale. Shekara uku, ba gawa, ba labari.

Haƙurinta ya ƙare. Ta bi ta Agadas har birnin, ta kama aikin girki a gidan wasu Larabawa. Wata Juma'a masu gidan suka tafi da ita shan iska bakin teku. Wurin kuwa kufai ne na mutanen da: ginshiƙan dutse tsaye ba rufi, gumaka ba kawuna, baƙi sai ɗaukar hoto suke yi. Rana ta take, kowa ya nemi inuwa. Ita ko ta kasa zama, ta kutsa cikin kufan ita kaɗai.

Ta iso wata ƙofa. Ba gida a bayanta, sai yashi da teku. Baki ya saba, ta ce, "Salamu alaikum."

Aka amsa. Da Hausa kuma aka yi mata maraba.

Wata tsohuwa ce tsaye. Zaninta na ɗigar ruwa, alhali rana kamar ta soya mutum. Ta tako zuwa gare ta, yashi bai nuna sawu ko ɗaya ba. In ta yi magana, sai bakin ya rufe sannan muryar ta iso.

"Baiwar Allah, shekaru aru-aru ba wanda ya yi mana sallama," in ji tsohuwar. "Wa kike nema?"

"Yarona."

"Yana wajenmu. Ruwa zai zo sau uku. Kafin na ukun ya koma, ki kira shi da sunansa na yanka, zai fito."

Na farko ya zo. Wallahi kawunan mutane ne a cikinsa, birjik, duk sun ba ta baya. Ta ce, "Kai yaro."

Duka suka waiwayo. Ɗari nawa ne, Allah kaɗai ya sani. Kowanne yaron wata ne. Ruwan ya kwashe su.

"Suna," in ji tsohuwar.

Na biyu ya zo, ta hango shi. Ga tabon ƙunar nan a goshinsa, na lokacin da yake rarrafe. Ya zuba mata ido, jira yake. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Kada ku ce sakarci ne. Abin da baki bai taɓa furtawa ba tun da ta haife shi, ba ya zuwa don an matsu.

Na uku ya zo har ya taɓa yatsun ƙafarta. Ya miƙo hannu, a hankali ya ce, "Inna."

Ta ce, "Zu..." Ruwan ya soma ja da baya.

"Zubairu!"

Sunan ya fito, amma ya makara. Teku ya kwanta lumui, ba kowa. Ta waiwaya, ba tsohuwa. A gabanta sai ƙyallen zaninta, da ƙullin da ta yi da hannunta.

A nan masu gidan suka same ta durƙushe, tana ta kiran sunan har muryarta ta dushe. Ta koma ƙofar Juma'a bakwai tana sallama, ba a ƙara amsawa ba.

Ƙyallen yana ƙarƙashin matashinta har yau. Ni na taɓa shi da hannuna. A jiƙe yake, yana warin gishiri, shekara goma sha ɗaya bai bushe ba.

Don haka in Allah ya kai ku wancan gari, kada wanda ya shiga kufan nan shi kaɗai da rana tsaka, balle ya yi sallama a ƙofar da ba gida. Gobe kuma in kun ji Gwaggo tana kira, ku ƙyale ta. Koyo take yi, ko za a sake ba ta dama.