Muryar da Ta Ce An Fito

Taragun jirgin ƙasa biyu sun matse Uwaisu har lahira a wata ƙaramar tasha kusa da Ringim, kuma abokin aikinsa Mika'ilu ne ya ɗaga wa direba fitila ya matso.

A ƙa'ida, ba a ɗaga fitila sai wanda ya shiga tsakanin taragu don gyara ƙugiya da tiyon birki ya fito ya yi magana. A daren, Mika'ilu ya ji muryar Uwaisu a bayansa: "Na fito, mutumina, ba direba hannu."

Ya ɗaga. Karon taragun bai yi ƙarar ƙarfe ba.

Da ya waiga, mai maganar yana tafiya sanye da rigar Uwaisu, tsakuwa ba ta motsi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Gobe Mika'ilu ne zai shiga tsakani.