Mai Zane da Gemun Uwargida

A wani zamani an yi wata mata mai koyon zanen fuska da fentin mai. Malaminta ya ba ta tsohon hoton wani dattijo mai gemu, ya ce, "Ki kwaikwaya har hannunki ya faɗa."

Ta kwaikwaya, ta sake kwaikwaya, har sau arba'in. Jama'a suka yaba mata, sunanta ya fara fita.

Sai uwargidan wani attajiri ta zo a zana ta, domin ta rataya hoton inda baƙi za su gani. Ta zauna kwana uku cikin ado. Da aka buɗe hoton, sai ga gemu har ƙirji.

Uwargida ta dafe kai ta ce, "Baiwar Allah, ba ki dube ni ba ne?"

Mai zane ta ce, "Na duba sosai, ranki ya daɗe. Na ga ba ki da shi, shi ne na gyara miki."

Tun daga ranar babu wanda ya sake zama a gabanta sai bunsurun maƙwabta. Shi kam hotonsa ya fito daidai.