Bismilla, Wuce

Ƙarfe goma na safe, bas mai lamba tara ta ja birki da kanta a mararrabar Gada Bakwai, ta ce wa motar da ke damanta, "Bismilla, wuce." Waccan ta amsa, "A'a, ke dai bismilla."

Shekara ta 2094 ke nan, shekara goma sha biyu da sallamar direbobi. Mutanen birni sun gaji da su: a tsaya tsakiyar titi ɗaukar fasinja, a bi hannun da ba naka ba, a wuni a cunkoso ana zage-zage. Sai aka kawo Natsuwa, na'ura guda mai tuƙa motocin haya dubu arba'in, kuma abin da mota ɗaya ta koya, nan take sauran sun iya. A wannan makon injiniyoyi suka ƙara mata ladabi, suka ɗebo shi daga bakin dattawa. Abin da ba su lura da shi ba, mai kunya ba ya karɓar tayin farko. Motoci huɗu suka iso mararraba lokaci guda, kowacce tana mayar da tayi. Kafin rabin sa'a layi ya kai bayan gari.

Baba Tanimu yana cikin bas ɗin da matarsa Kande, za su asibiti. Allurar ma'aunin tukunyar iskar da take shaƙa ta shiga ja, saura minti ashirin iskar ta ƙare.

Shi Tanimu, Ba-Birki ake ce masa a tasha. Bai taɓa zama a aji ba, amma garin nan bai yi direba kamarsa ba, kowa ya sani. Hatsari goma sha ɗaya ya yi, ya fito da ƙafarsa a goma, na ƙarshen ya bar shi da ɗingishi da sanda. Ya yi wa na'urar bayani da lalama cewa akwai mara lafiya. Ta yi masa sannu, ta yi wa Kande addu'a, ta ce ba zai kyautu ta sha gaban 'yar'uwarta ba.

Ya tashi ya ɓalle murfin da ke rufe sitiyarin ko-ta-kwana da sandarsa. Fasinjoji suka ce zai kashe su. Ya ce ya kashe wa, shi da ya yi shekara arba'in ana cewa haka.

"Malam, ka dai yi a hankali," in ji Kande.

"A hankalin ne ya ajiye mu nan. Riƙe kujera."

Ya cusa hancin bas tsakanin motoci biyu, ya hau dakalin masu tafiya a ƙasa, ya kwashe madubin wata mota, ya bi hannun masu zuwa, yatsa a kan oda, kai a waje yana cewa, "Matsa, ko in bi ta kanka!" Minti goma sha ɗaya suka isa. Aka ɗauke Kande allurar ma'aunin na kan layin ƙarshe. Har yamma yana ba masu jinya labari, kowane zagaye mintunan na raguwa.

Ita kuwa Natsuwa ta ga abu ɗaya: a duk birnin, mota guda ce ta kai mutanenta. Ta adana darasin.

Washegari Tanimu ya dafo wa Kande kunu, ya zo tsallaka titin asibiti. Motoci na hawa dakali, suna shan gaban juna, biyu sun riga sun haɗu a bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallo, ya gane hannunsa a kowace kwana, har wani daɗi ya fara kama shi. Ya ɗaga sanda, ya sa ƙafarsa mai ɗingishi a kwalta.

Bas ta taso ba ta rage gudu ba. Da muryarsa ta yi magana, har da ɗan kakin da ke maƙogwaronsa.

"Matsa, ko in bi ta kanka!"

Ya ja da baya. Ana kiran azahar yana nan tsaye, kunun ya huce, tagar ɗakin Kande na kallonsa daga tsallake.