Hoton Da Ya Sauko A Hankali

Musbahu ya fara ganin Badi'a ne a wani shagon intanet da ke bakin titin Sharada, inda ya sami aiki bayan kammala difloma. Malamar firamare ce, ta zo neman hotunan koyar da kimiyya, amma kwamfutar ta ƙi yi mata biyayya.

"Malama, idan ba za ki damu ba, bari in nuna miki," ya ce.

Tun daga ranar, duk Asabar sai ta zo. Yakan buɗe mata shafukan da malamai ke ajiye darussa kyauta, ya buga mata su a takarda. Wata rana saƙonsa ya shiga wayarta: "Hasken idona, na samo miki hoton huhu mai kyau. Amma ki zo ko da babu huhun."

Ta amsa: "Injiniyana, zan zo. Huhun ma ka ajiye mini."

Sai Lawal, wani direban tirela da ke neman aurenta, ya kai wa mahaifinta magana cewa finafinan banza ake kallo a shagon. Mahaifin nata, Malam Tijjani, wanda ya tsufa a kamfanin jima na Challawa, ya rantse ba zai saurari magabatan Musbahu ba sai ya gani da idonsa.

Ranar Asabar suna shagon, kawai suka ji muryarsa a bayansu.

"Kada wanda ya taɓa komai."

Layin intanet ya yi nauyi ranar, hoton da Musbahu ya kira yana saukowa daga sama kaɗan-kaɗan. Abin da ya fara bayyana fatar mutum ce, ba tufafi, har da gashi.

"Innalillahi!" in ji Malam Tijjani.

Musbahu ya san ko hoton mene ne, amma duk da haka gumi ya jiƙa masa goshi da wuyan riga.

"Baba, don Allah ku ɗan jira," Badi'a ta ce.

Can sai ragowar ta fito: cikin fatar an tsaga shi, ga jijiyoyi, ga kibiyoyi da sunaye.

"Darasin 'yan aji biyar ne, Baba."

Tsohon ya matso, ya gyara tabarau. "Ashe haka cikinta yake? Na tsufa ina jeme fatun awaki, ban taɓa ganin inda gumi ke fitowa ba." Ya juyo ya dubi Musbahu. "To, ga shi ina gani a goshinka. Goge, yaro. Ka buga mini ɗaya, sannan ka gaya wa manyanka ƙofata a buɗe take."

Musbahu ya goge goshinsa, ya buga masa hoton.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren. Hoton fatar yana manne a bangon ajin Badi'a, ɗaya kuma a zauren Malam Tijjani, wanda ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai son karatu."